Neman Kulɓar Dare a Jigayin Katagum

Mun bar garin Bauchi bayan sallar asuba, mu uku a mota ɗaya, bayan motar cike da bokitai 12, da naɗin leda mai kauri, da shebur biyu, da buhun turaku. Hanyar ita ce wadda kowa ya sani: Darazo, Kari, a karya hagu a nufi Misau, sai Azare. Mai kallon ƙasa zai ga yadda take sauya kama a hankali. Duwatsun Bauchi suna raguwa har su ɓace, jar ƙasa ta yi fari, itatuwa su yi nesa da juna, goriba da aduwa da gawo su karɓe fili. Daga Azare muka ƙara yin arewa, zuwa ƙasar Gamawa da Zaki, inda jihar Bauchi ke haɗa iyaka da Yobe da Jigawa. Watan Yuni ne, ruwa ya sauka sau biyu ko uku, manoma sun yi shukar gero.

Abin da ya fito da mu wata kulɓa ce da masana ke kira Scincopus fasciatus. Ni kulɓar dare nake ce mata, don sauƙin magana da mutane. Wani Bajamushe masanin dabbobi, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1864, kuma ita kaɗai ce a zuriyarta. Ƙasarta ita ce bakin Sahara: Muritaniya, Mali, Nijar, Chadi har Sudan, da wasu wurare jefi-jefi a arewacin Afirka. Tsawonta da wutsiya bai wuce taƙi ɗaya ba, santimita 20 zuwa 25. Jikinta kauri gare shi, sumul, yana sheƙi. Bayanta ruwan ɗorawa ne mai sirkin ruwan lemo, baƙaƙen ɗamaru sun gitta shi daga wuya har wutsiya, cikinta fari. Idanunta manya ne baƙaƙe, ba irin na kulɓar da ke gilmawa a gindin randa ba. Da rana tana binne cikin yashi. Sai dare ya yi take fitowa neman ƙwari.

Fiye da shekara 160 ke nan da sanin ta, amma bayanan da aka tattara a kanta daga daji ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ana ganin ta a kejin masu kiwon ƙadangaru a Turai da Amurka fiye da yadda ake rubuta ganin ta a ƙasarta. Kusan duk waɗanda ake sayarwa can daga daji aka kamo su, domin ba ta cika haihuwa a keji ba. A kamo, a zuba a buhu, a wuce da ita hannu zuwa hannu, babu wanda ya rubuta garin da aka same ta, ko watan, ko irin ƙasar. Dabba ta bar gida, ilminta kuma ya salwanta a hanya. Nijar ga ta nan a kanmu, yashin ma iri ɗaya ne. Tambayarmu ita ce ko ta gangaro kudu har jigayin Katagum.

Kafin a taɓa shebur, gaisuwa ce farko. Mun sauka ƙofar gidan mai gari, muka cire takalma, muka bayyana abin da ke tafe da mu, muka nuna hoton. Wannan ba ladabi ba ne kawai. Baƙi uku da fitilu a goshi suna yawo a bayan gari da ƙarfe 11 na dare, a wannan zamani, neman fitina ne in ba a san da su ba. Mai gari ya sa aka kira shugaban 'yan banga aka gaya masa, sannan ya haɗa mu da wani dattijo, tsohon mafarauci, wanda ya san kowane tudu da kowane kwari na wurin.

Dattijon ya karɓi hoton ya nisanta shi da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Mai ɗamara, mai fitar dare? Akwai ta. Muna kashe ta, don dafinta ya fi na kububuwa."

Na ce, "Baba, a yashi take ko a suri?"

"Yaro, in ka ga suri tsoho wanda gara ta bari, to gidanta ne."

Wannan amsa ta sa na yi shakka tun a nan, amma na bar ta a cikina sai mun gani da ido.

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. Ƙasar nan hawa biyu ce: fadama ta laka a gefen kogin Jama'are da rassansa, da kuma jigawa, tsofaffin tuddan yashi da suka daɗe da tsayawa har ciyawa ta kama su. Fadama ba ta da amfani a wannan nema. Gonar da ake nomawa kowace shekara ma haka, garma ta riga ta birkita ƙasar. Abin da ake so shi ne saura, wato gonar da aka bari ta huta, ko burtali, ko gefen makiyaya, inda yashi ke da laushi har ƙafa na nutsewa zuwa idon sawu, ga kuma kumburin sabara da kalgo da kaba a warwatse. A gindin irin waɗannan ne iska ke tara yashi, saiwa ta riƙe shi, inuwa ta hana shi ƙuna, ƙwari su taru. Mun sa ma'aunin zafi a kan yashi da ƙarfe 2 na rana, ya haura digiri 50. Muka tona gindin wata sabara zurfin taƙi ɗaya muka sake aunawa, bai kai 35 ba, ga ɗan danshi. Wannan bambanci shi ne rayuwar duk wata dabbar da ke binne kanta.

Tarkon da muka kafa na bokiti ne da shinge. Ana haƙa rami a saka bokiti mai lita 20, bakinsa ya yi daidai da fuskar ƙasa. In ya ɗago ko da faɗin yatsa ne, dabba za ta ci karo da shi ta kewaye, aikin ya tashi a banza. Tsakanin bokiti da bokiti taku 10. Sai a ja ledar a tsaye ta bi ta tsakiyar bakin kowane bokiti, tsayinta kamar santimita 40 a sama, a binne gindinta santimita 10 a ƙasa, a kafa turke kowane taku biyu. Dabbar da ke tafe ta tarar da shinge ba ta juyawa, bin gefensa take yi har ta rufta. Mun yi layi biyu, bokiti shida-shida, ɗaya a kan tudu, ɗaya a gangarensa.

Kurakuran wannan tarko duk a jikin dabbar suke ƙarewa, shi ya sa zan daɗe a kansu. A huda gindin bokiti ƙananan ƙofofi da ƙusa mai zafi, don in ruwa ya sauka da dare ya tsiyaye. Ƙofar kada ta wuce kaurin tsinken ashana biyu, in ba haka ba ƙananan tsaka su zurare ta nan. A zuba yashi kamar faɗin yatsu uku a ciki, a ɗora ɓawon itace ko fasasshiyar ƙwarya, domin abin da ya faɗa ya sami wurin ɓuya. Bokitin da babu inuwa, rana tana ɗagawa ya zama tanda, ƙaramin ƙadangare ba ya awa ɗaya a ciki. Saboda haka dubawa sau biyu wajibi ne, da hudowar rana da kuma bayan la'asar. Babban abokin gaba shi ne tururuwa da cinnaka: in layinsu ya gano bokiti, kafin safiya sai dai a tarar da ƙashi. Da an ga sun fara shiga, a rufe wannan bokitin a matsar da shi, kada a zuba maganin ƙwari, don shi ma kashe kulɓa yake yi. Sannan shanu. A daren farko garke ya bi ta layinmu na gangare ya kwantar da rabin shingen. Laifin zaɓenmu ne, mun kafa a bakin hanyarsu ta zuwa mashaya. Washegari muka je rugar muka gaisa, wani saurayi ya nuna mana inda ba sa bi, muka mayar da layin can.

Kuma ba a sa hannu a bokiti sai an leƙa da tocila an motsa yashin da sanda. Kunama na faɗawa, shanshani na faɗawa, kububuwa ma na faɗawa.

Yawon dare muna fara shi bayan isha'i, lokacin da yashi ya huce amma bai yi sanyi ba, mu tashi wajen ƙarfe 12. Mun zaɓi ƙarshen wata da gangan. A farin wata ƙananan dabbobi ba sa son fitowa fili saboda mujiya, kuma hasken tocila ba ya cin ƙasa sosai. Tocilar goshi ta fi ta hannu, domin hasken na fita daga kusa da ido, duk idon da ya mayar da haske za ka gan shi. Sai dai mafi yawan ƙyalƙyalin da za ka gani a ƙasa, ɗigo-ɗigo kamar an watsa gilashi, idanun gizo-gizo ne. Sabon shiga yakan ɓata awa guda yana bin su. Tafiya ake yi a jere, taku biyar tsakanin mutum da mutum, a hankali ƙwarai, ana kewaya kowane kumburin sabara a haska gindinsa. Takalmin roba mai tsawo har gwiwa da wando mai kauri dole ne. Kububuwa ƙarama ce, launinta launin ƙasa, kuma lokacin fitarta ke nan. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, kada a ɗaure ƙafar tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti mai allurar dafin maciji. Asibitin da ya shahara da wannan aiki a yankinmu yana Kaltungo a jihar Gombe, kuma daga nan tafiya ce mai nisa, don haka tun a Azare muka tambayi inda ake samun allurar kafin mu shiga daji.

A dare na biyu dattijon ya kai mu wurin surinsa. Tsohon suri ne da ya rushe rabi, a inda jigawa ke gangarawa fadama. Ba mu yi minti 20 ba ya ja da baya ya ɗaga sandarsa.

"Ga ta nan! Malam, kada ka matsa."

Na riƙe sandar na ce, "Baba, don Allah a dakata."

Tana tsaye a bakin rami, ta ɗaga jiki a kan ƙafafu huɗu, tana lumshe ido saboda haske. Ɗamaru gare ta, gaskiya ne, masu faɗi, ruwan ƙasa mai duhu da mai haske. Amma fatar ba ta sheƙi, ƙurji-ƙurji ce kamar bayan kwaɗo. Wutsiyar ta kumbura ta yi mulmul, kusan girman kanta. Tsaka ce mai kitsen wutsiya, Hemitheconyx caudicinctus, wadda ake samu a dajin savana daga Senegal har Kamaru. Ta bambanta da tsakar ɗaki ta hanya biyu: tana da fatar ido mai rufewa, kuma yatsunta ba su da abin manne wa bango, a ƙasa take rayuwa. A wutsiya take ajiye kitsen da za ta ci da rani. In wutsiyar ta taɓa yankewa ta sake tsirowa, sai ta fito gajera mai kumburi, shi ya sa wasu ke cewa kai biyu gare ta. Na ɗauke ta na ɗora a tafin hannu, ta yi ɗan ƙara, ta lafa. Dattijon yana ta salati. Babu dafi a jikinta, haka kulɓa, haka ƙadangare. Ƙadangarun da dafinsu ke kwantar da mutum suna can Amurka da Meziko. Abin da ake kiyayewa a nan ƙwayar cutar ciki ce da dabbobi masu jan ciki kan ɗauka, maganinta wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Baba bai yi ƙarya ba. Na ce mai ɗamara mai fitar dare, ya kai ni ga mai ɗamara mai fitar dare. Da na rubuta maganarsa a ranar farko a matsayin shaida, da na sa kulɓar Sahara a taswirar Bauchi bisa kuskure, wani ya kwafa, wani ya kwafa daga wancan. Tambayar da ta raba su ɗaya ce, kuma ita ya kamata a fara yi: jikinta sumul yake kamar kifi, ko kaushi gare shi? Akwai ma wata ta uku da ake rikita su, kulɓar da ke iyo cikin yashi, ta zuriyar Scincus. Ita hancinta kamar bakin shebur yake, idanunta ƙanana, yatsunta masu geza, kuma da rana take harkarta a tsirarar yashi mai gudu.

Da asuba, kafin iska ta tashi, yashi allo ne. Duk abin da ya wuce da dare ya bar rubutunsa. Buzuzu yana barin layi biyu na ɗigo kamar ɗinkin keke. Gyare da ɓeran daji tsalle suke yi, sawun a rarrabe. Maciji ba shi da sawun ƙafa, sai jan jiki. Ƙadangare yana barin yatsu dogaye da siririn layin wutsiya a tsakiya. Kulɓa mai nauyi kuwa, ƙafafunta gajeru ne, cikinta na shafar ƙasa, sai ka ga faffaɗan shafi da ƙananan sawu a gefe da gefe, kuma sau da yawa sawun yakan ƙare haka kawai a gindin kumburi, inda ta nutse. A nan ake durƙusawa a tsefe yashin da yatsu a hankali, cikin safar hannu ta fata, zurfin bai wuce taƙi ba. Ba a sa shebur, yana raba dabba biyu. A haska sawu daga gefe, tocila a kwance kusa da ƙasa, inuwa ta fito da shi. Da ƙarfe 8 ta yi, iska da awaki sun share komai.

Sau biyu muka bi irin wannan sawu. Na farko ya kai mu ga wata kulɓa ruwan ƙasa ta yau da kullum. Na biyu ya ɓace a cikin ƙarangiya.

Bokitai sun ba mu abin da suka ba mu: kwaɗi da yawa bayan ruwan dare na uku, kunamu, ƙananan tsakar ƙasa, bushiya guda da muka fitar da ƙwarya, da wani siririn ƙadangare mai gudu kamar walƙiya, Latastia longicaudata, wanda wutsiyarsa ta ninka jikinsa fiye da sau biyu. Damo ma mun gani, ƙarami, yana shan hantsi a bakin raminsa. Kowanne an yi masa aiki iri ɗaya, kuma wannan aikin shi ne ke mayar da "na gani" ya zama shaida. A sa dabbar a jakar yadi, ba leda ba, a ajiye a inuwa. A riƙe ta a kafaɗa da ƙugu, kada a kama wutsiya, don tsinke ta take yi ta bar maka. A auna da rula daga hanci zuwa mafitar kashi, wutsiya kuma a auna ta daban, tunda mai sabuwar wutsiya awonta ba ya daidai. Hoto aƙalla biyar: baya gaba ɗaya da rula a gefe, kai daga sama, kai daga gefe, ciki, da yatsun ƙafar baya. Na kai su suka fi muhimmanci, domin da tsarin ɓawon kai da na leɓe masana ke rarrabe kulɓa da kulɓa. Dabarar ɗaukar ciki ita ce a sa ta a roba mai garai-garai a ɗauka daga ƙasa. Sannan a rubuta rana, da lokaci, da zafin iska da na yashi, da irin tsiron wurin, da lambobin GPS masu nuna ainihin wurin daga waya. Wayar na kama GPS ko babu sabis, amma a ba ta minti biyu ta daidaita. A mayar da dabbar daidai inda aka ɗauke ta, ta dare a sake ta da dare.

Hotunan ana iya ɗora su a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke tantancewa. Ga dabbar da 'yan kasuwa ke nema irin kulɓar dare, a zaɓi ɓoye ainihin wurin, manhajar na da wannan zaɓi. Masu kamawa ma suna karanta taswira.

Kwana biyar muka yi, dare huɗu na yawo, ba mu ga kulɓar dare ba. Wannan ma mun rubuta shi dalla-dalla: wurin, awoyin da aka yi, mutum nawa, bokiti nawa, yanayin wata. Dare huɗu a tudu biyu ba ya nuna babu ita. Dabbar da ke kwana a binne, ta fito awa biyu ko uku in yanayi ya yi mata, ana iya taka ta sama a wuce. Da hunturu kuwa ba a ma fara nema, sanyi na hana su motsi. Lokacin shi ne daga zafin bazara zuwa farkon damina, musamman daren da ya biyo bayan ruwa, ran da gara mai fiffike ke tashi, kowane mai cin ƙwari ya fito.

Waɗanda za su gan ta, in tana nan, su ne masu kwana a wurin: makiyayi mai kiwon dare, manomi mai huɗa da sanyin safiya, yaran da ke tonon gyare. Mun buga hoton kulɓar da na tsakar gefe da gefe a takarda ɗaya, muka rubuta a ƙasa da boko da ajami: sumul ko kaushi, a ɗauki hoto, kada a kashe. Muka bar ɗaya wurin mai gari, ɗaya a ruga, ɗaya wurin jikan dattijon, wanda ke da waya mai kyamara kuma ya koyi kunna GPS a zama ɗaya.

Ranar tafiya muka tone bokitan duka 12, muka ƙirga su sau biyu, domin bokiti ɗaya da aka manta a buɗe zai yi ta kisa har ya cika da yashi. Muka naɗe ledar, muka cike ramukan muka daddale, kada ƙafar saniya ta faɗa. Dattijon ya raka mu har bakin mota da takardar a aljihun gaban rigarsa. Ya ce akwai wata jigawa gabas da nan, wajen iyakar Yobe, inda yashin ya fi wannan laushi, amma mota ba ta shiga, sai amalanken shanu. Muka yi da shi za mu dawo ƙarshen watan Mayu mai zuwa, da bokiti 30, mu yi kwana 10.